Ni baya nake mayarwa

Mu 'yan matan cikin garin Kano ba mu san cikin silima ba. Yayyenmu maza ne ke sulalewa bayan isha'i su tafi Plaza a Fagge ko Orion a Ƙofar Wambai, washegari su ba mu labarin fim ɗin, rabi gaskiya rabi ƙari. Palace da ke Jakara kuwa, ko tsayawa mace ta yi a ƙofarta sai an kai ƙara gida. Rabonmu bai zo ba sai da talabijin ta shiga gidaje, NTA da kuma CTV ta zamanin Gwamna Abubakar Rimi, sannan kaset ɗin bidiyo. Shi ma na talabijin, in kin tashi duba tukunya, abin da ya wuce ya wuce ke nan.

Da na yi ritaya daga koyarwa, babban ɗana ya sayo min waya mai shafawa a kasuwar waya ta Farm Centre. Na daɗe ba na komai da ita sai amsa kira da sauraren saƙon murya a WhatsApp. Jikana, maigidan nawa na wasa, ɗan aji biyu a sakandare, shi ya ɗaura aniyar koya min YouTube. Malami ne mara haƙuri. Da ni ce mai duba aikinsa da ban ba shi maki ba. "Hajiya, ba dannawa za ki yi da ƙarfi ba, taɓawa kawai!" Amma a wurinsa na koyi rage kyan hoto zuwa 360 don kada data ta ƙare, da neman fim da baki maimakon rubutu. Sai kuma babban abin: in ka taɓa gefen dama sau biyu fim ya yi gaba da daƙiƙa 10, in ka taɓa hagu ya koma baya da 10.

Makon jiya na kalli wani na Indiya da aka fassara da Hausa, irin mai sarƙaƙiyar nan da ke hana mutum ƙifta ido. Ba rawa, ba waƙa. Wata ma'aikaciyar asibiti ce ta ɓace a daren aikinta, kowa kuma da ƙaryar da yake ɓoyewa: direban motar asibiti, mijinta, har mai gadi. Ana cikin yi wa mai gadin tambayoyi na hango laima a jingine a bayansa, jiƙe sharkaf, alhali ya rantse bai fita ba tun magariba. Na taɓa hagu. Na sake taɓawa. Laima dai a jiƙe take. Aka kira isha'i, na tsayar da ɗan sandan bakinsa a buɗe, na yi sallata a natse, na dawo na same shi yadda na bar shi.

A nan muke saɓawa da yaran nan. Su gefen dama suke duka. Da an fara magana mai tsawo sai su tsallake, wani ma ƙarshen yake fara leƙawa wai don ya san ko fim ɗin ya cancanci datarsa. To me ya rage? Irin wannan fim ai a cikin maganar da suke tsallakewa ake binne gaskiyar. Maigidan ya riga ni gamawa, amma da na tambaye shi me ya tona asirin mai gadi, sai ya hau sosa ƙeya.

Yanzu so nake in iya haska shi a talabijin, don ido ya fara ƙorafi. Ya ce sai Asabar in ya taso daga islamiyya, kuma wai wannan karon da kuɗin makaranta: ɗanwake da dafaffen ƙwai biyu.