Mako uku wani yana zaune cikin imel ɗina ban sani ba

Mu huɗu ne lauyoyi a ofishinmu, sai sakatariya da akawu. A da, in aka tambaye ni inda sirrin mutanen da muke wakilta yake, kabad ɗin ƙarfe da ke bayan kujerata zan nuna, wanda makullinsa ba ya rabuwa da aljihuna. Ashe sirrin ya daɗe da barin kabad. Ya koma cikin imel, da wayoyinmu, da wata tsohuwar kwamfuta da kowa ya san kalmar sirrinta, har waɗanda suka bar aiki tun tuni.

Wata safiya ina haɗa takardu zan tafi kotu, sai saƙo ya shigo da sunan wani lauya da muke kan shari'a da shi, wai ga takardar da zan duba kafin zama. Na danna. Wani shafi ya buɗe, sak irin wanda nake shiga imel da shi kullum, ya nemi kalmar sirri, na rubuta. Babu takardar da ta fito. Na ɗauka intanet ce ta yi rauni, na ɗauki rigata na fita, ban sake tuna maganar ba.

Bayan mako uku, wani dattijo da muke tsaya wa a cinikin gida ya kira ni. Ya ce, "Barista, na ga saƙonka cewa asusun ofis ya canza. Na ce kafin in tura kuɗin bari in ji daga bakinka." Jikina ya yi sanyi. Ban aika masa komai ba. Da ya turo min saƙon na karanta, sai na ga daga adireshina ya fito, da irin gaisuwar da nake fara wasiƙa da ita, da sunan gidan, da adadin kuɗin daidai, har da ranar da muka tsayar. Lambar asusun kawai ce ba tamu ba. Guminsa na shekaru ne, kuma taka-tsantsan ɗinsa ne ya cece shi, ba wani tanadi namu ba.

Masanin kwamfuta da muka kira ya zauna kan kujerata, bai yi awa ɗaya ba ya juyo da allon ya ce, "Yallaɓai, duba nan." Ɗan kutsen ya saka wani umarni cikin akwatin imel ɗina: duk saƙon da ya ambaci biyan kuɗi ko asusu, a tura masa kwafi, amsar dattijon kuma a ɓoye ta cikin wata jaka da ban taɓa buɗewa ba. Ga jerin lokutan da ya shiga, yawanci da tsakar dare. Bai fasa komai ba. Ni na miƙa masa makulli, shi kuma ya yi haƙuri irin na mai kamun kifi, yana karantawa yana jiran ranar kuɗi.

Abin da ya hana ni barci ba maganar kuɗin ba ce. A cikin akwatin nan akwai wasiƙun matar da ke neman rabuwa da mijinta, da rikicin gado tsakanin 'yan uwa, da yarjejeniyar wani kamfani da ba a sa wa hannu ba tukuna. Mutanen nan sun faɗa min abin da ba su faɗa wa iyayensu ba, don sun yarda bakin lauya a rufe yake. Ɗaya daga cikin abokan aikina ya ce mu yi shiru tunda ba a yi asarar ko sisi ba. Na fahimci tsoronsa, suna shi ne jarin ƙaramin ofis. Amma ban yarda ba. Wanda ya ba ka amana yana da haƙƙin sanin an taɓa ta, kuma dokokin kare bayanai sun ɗauki wannan da muhimmanci. A Tarayyar Turai, alal misali, awa 72 aka bayar don sanar da hukuma. Kwana biyu na yi ina kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun gode, wani ya zo ya karɓi fayil ɗinsa ya tafi, kuma ban ga laifinsa ba.

Da can ina jin labarin manya ina cewa wannan ba ruwanmu. A 2016 aka fallasa takardun sirri kusan miliyan 11.5 da suka fita daga ofishin lauyoyi na Mossack Fonseca da ke Panama, kuma a 2018 ofishin ya rufe. A watan Yunin 2017 manhajar ɓarna ta NotPetya ta tsayar da imel da wayoyin DLA Piper, ɗaya daga cikin manyan ofisoshin lauyoyi na duniya, na kwanaki. Ni kuwa ina ganin wa zai ɓata lokacinsa kan ofishi mai mutum shida? Yanzu na gane ƙanƙantar ce ke jawo 'yan kutse. Muna riƙe da sirri, kuɗin mutane na ratsawa ta hannunmu, maganarmu kuma ana yarda da ita, amma ba mu da ko mutum ɗaya da aikinsa shi ne tsare kwamfuta.

Gyaran da ya fi amfani shi ne mafi sauƙi: tabbatarwa mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an saka wata lamba da manhajar waya ke bayarwa. Da muna da ita tun farko, satar kalmar sirrina kaɗai da wuya ta buɗe masa ƙofa. Babbanmu a ofis ya yi ta ƙorafin ɓata lokaci, sai da na nuna masa saƙon dattijon sannan ya miƙo wayarsa. Muka rufe asusun duk wanda ya bar aiki, kowa ya samu kalmar sirrinsa, muka daina ɗage sabunta manhaja. Masanin ya tuna mana cewa manhajar ɓarna ta WannaCry da ta addabi duniya a Mayun 2017 ta bi ta wata ɓaraka ce da Microsoft ta riga ta fitar da maganinta tun watan Maris, mutane ne ba su saka ba.

Wajen ajiyar kwafi ne na sake tsorata. Muna da na'urar ajiya da muke alfahari da ita, sai ga shi wata biyar ba ta kwafi komai ba, ba wanda ya duba. Ƙari a kan haka, dare da rana tana jone da kwamfuta, don haka da masu kulle fayiloli su nemi kuɗin fansa ne suka shigo, da har ita za su kulle. Yanzu kwafi uku muke ajiyewa, ɗaya a wajen ofis, kuma duk wata nakan zauna da kaina in gwada dawo da fayil ɗaya in ga ko zai buɗe.

Duk wanda ya zo mana da sabon aiki, a zaman farko nake faɗa masa cewa lambar asusunmu ba ta canzawa ta imel, in ya ga haka ya kira lambar wayar da ya sani, ba wadda ke cikin saƙon ba. A cikin ofis kuma na tsaya gaban kowa na faɗi cewa ni ne na danna, don kada wani ya yi kuskure ya ɓoye saboda tsoron faɗa. Bayan wata biyu sakatariyarmu ta ƙwanƙwasa ƙofata, fuskarta a firgice, ta ce, "Yallaɓai, ina jin na danna abin da bai kamata ba." Minti goma bai cika ba mun canza kalmar sirrinta, mun fitar da duk na'urar da ke cikin asusunta, mun duba ko an saka umarnin tura saƙo. Babu komai. Ta koma kan teburinta ta ci gaba da buga takardar da za mu shigar washegari.