Abin da ofishin rajistara ke koya wa mutum game da alƙalin da ya fito daga siyasa

Duk sanda aka yi maganar ɗan siyasar da ya hau kujerar shari'a, sunan marigayi Mamman Nasir, Galadiman Katsina, ake fara kawowa. Ya yi Ministan Shari'a a gwamnatin Sardauna daga 1961 zuwa juyin mulkin 1966, ya shiga Kotun Ƙoli a 1975, sannan ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 zuwa 1992. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne shekara tara da ke tsakanin ministan da alƙalin. Kafin ya zauna kujerar shari'a, jam'iyyarsa ta NPC ta daɗe da rushewa.

Wanda ya tsallako kai tsaye ba ya samun wannan tazara. Ya saba zaurensa a buɗe yake, don haka yakan ce wa masinja: "Bar shi ya shigo, mutumina ne." Nan ɓarnar take. Tsohon abokin yaƙin neman zaɓe ya yi minti goma a ofishin alƙali da safe, ƙarfe tara kuma a kira shari'ar filin ƙaninsa. Lauyan ɗaya ɓangaren ba ya buƙatar hujjar cin hanci, ya ishe shi a ce an ga shigarsa, domin sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya wajabta kotun da ba ta da ɓangare. Sai koke, sai a mayar wa Babban Joji fayil, a faro daga farko gaban wani alƙali. Shaidu sun watse, wani ma ya rasu, mai ƙara ya sayar da gona ya biya lauya. Takardar neman ba'asi kuwa kan rajistaran kotu take sauka, shi da ba ya iya ce wa mai gidansa alƙali a'a. Wannan zalunci ne, kuma kowa a kotu ya san haka.

Don haka ya kamata rajistara ya ajiye littafin baƙi: suna, rana, ƙarfe nawa, wa ya ba da izini. Ya duba jerin shari'un mako tun Juma'a, in ya ga sunan tsohon ɗan jam'iyyar mai gida ya sanar da shi a rubuce, domin alƙali ya bayyana alaƙar a zaman kotu ko ya janye.

A riƙa ƙirga wa alƙalin kwana 90 na yanke hukunci daga ranar jawabin ƙarshe na lauyoyi, don ɗan siyasa ya saba da "sai an ƙara tuntuɓa". Gayyatar walimar gwamna kuma kada ta bi ta hannun ma'aikacin kotu.