Yadda na daina hura wuta a gindin duron manja

Duk mai harkar sabulu a Kano ya san halin da ake shiga idan Disamba ta kama. Ka zo da sassafe hannu na karkarwa, ka kwance murfin duro ka karkata shi, ko ɗigo ba zai fito ba, manja ya zama kamar tuwon da ya kwana. Alayyadi shi ma ya yi fari fat ya ƙame. Man kaɗanya kuwa dama ko da bazara sai an lallaɓa shi, balle lokacin da sanyin asuba ke sauka digiri 12 ko 13. Shi manja sai zafi ya kai wajen digiri 35 zuwa 40 yake narkewa gaba ɗaya, alayyadi kuma da an sauka ƙasa da 25 ya fara kama jikinsa, to ka ga a hunturu kusan wata uku kullum da rigima muke tashi.

Shekara da shekaru abin da muke yi shi ne abin da muka tarar ana yi, duwatsu uku, a mirgino duro a ɗora, a tura itace. Idan ba sauri ake ba a gangara da shi rana a bar shi har azahar, amma wace rana ce a hazo? Ranar da na haƙura da itace ba zan manta ba. Muna da oda ta wani Alhaji da yake kai kaya ƙauyuka, na bar yaron shagona da wuta na tafi masallaci, ina dawowa na tarar yara sun ja baya cirko-cirko, gindin duron ya yi ciki ya kumbura har ba ya zama daidai a kan duwatsun. Na ce kai ka sassauta murfin kuwa? Ya ce "wallahi Oga na manta, na ɗauka tunda ya daskare babu komai." Allah ne ya tsare bai fashe ba. Kuma ba a nan asarar ta tsaya ba, man da ke ƙasa ya ƙone ya yi baƙi yana ƙauri alhali tsakiyar duron har lokacin dunƙule yake kamar dutse, muka rufe ido muka zuba a haka, sabulun ya fito da duhu da wani wari da turare bai iya rufe shi ba, Alhaji ya dawo mana da katan-katan yana cewa ai shi ba sabulun wankin tukunya ya saya ba.

A wani kamfani a Sharaɗa na fara ganin hitar duro, wato abin ɗumama duro da wutar lantarki, na je sayen durukan da suka gama amfani da su sai na ga wani jan abu kamar ɗamara an ɗaura wa duro, waya ta fito daga jikinsa zuwa bango, babu hayaƙi babu toka. Injiniyansu dattijo ne mai kirki, ya tsaya ya nuna min. Wannan da na gani shi suke kira bel, roba ce ta silikon da wayar zafi a cikinta, ana zagaya ta a jikin duro a maƙala ƙugiya da sufirin, tana da ɗan makunni mai lambobi da kake murɗawa ka zaɓi zafin da kake so, idan ya kai ta yanke da kanta, idan ya sauka ta kuma kamawa. Na duro mai lita 200 yawanci wat 1000 ne zuwa 1500, makunnin kuma yakan kai har digiri 120. Akwai jaket, wadda ita riga ce guda da take rufe duron daga sama har ƙasa kuma da abin riƙe zafi a cikinta, ba ta cin wuta sosai amma ta fi tsada nesa ba kusa ba. Akwai faranti da ake ɗora duron a kai yana dumama shi ta ƙasa, sai kuma sanda da ake zura wa ta bakin duro. Sandan nan ni ban ga amfaninta a wajenmu ba, don mai da ya daskare ta ina za ka zura ta, kuma idan ta zauna a wuri ɗaya man da ke manne da ita ƙonewa yake.

Na sayi bel. Kuma a satin farko na yi wautar da nake so kowa ya ji don kar ya maimaita. Rabin durukana na ƙarfe ne, rabi shuɗin nan na roba da ake kawo kemikal a ciki. Na ɗaura bel a na roba na murɗa shi zuwa 90 wai don ya yi sauri, bayan awa biyu na zo na ga daidai inda bel ɗin ya zagaya robar ta yi laushi ta lotsa, duron ya yi ƙugu kamar kalangu. Ashe robar nan ba ta son zafin da ya wuce digiri 60 zuwa 70, kuma bel yana tara zafinsa ne a siririn wuri, ƙarfe yana ɗauka ya watsa, roba kuwa riƙewa take a wurin har ta saki. Duron roba jaket yake so mai sanyin hali, ko kuma ka juye kayanka a na ƙarfe tun yana ruwa-ruwa. Mai sayarwa bai gaya min ba, ni ma ban tambaya ba, wat nawa ne kawai na tambaya kamar mai sayen janareto.

To wannan tambayar ta wat ita ce nake ganin tana ɓatar da mutane. Kowa so yake a ce masa babba. Amma matsalar man da ya daskare ba ƙarancin wuta ba ce, shi kansa ne ba ya wuce da zafi da sauri. Bel zai narkar da na jikin ƙarfe cikin ɗan lokaci, tsakiya na nan kamar ba'a yi komai ba, ka ƙara wuta sai dai ka soya na gefe, wato dai ka dawo gidan jiya irin na itace. A lissafin takarda duro ɗaya na manja kilo 180 ne da ɗan wani abu, kuma ɗaga zafinsa da digiri 25 bai wuce yunit biyu da rabi na wutar lantarki ba, sai ka ce ai bel mai wat 1500 awa biyu ya gama. Ƙarya ne. Narkewar kanta tana cin nata zafin daban, iska tana kwashe nata, siminti yana shanye nasa ta ƙasa. Ni yanzu da la'asar nake ɗaurawa, in saita 50, in bar shi ya kwana, da safe yaro ya zura sanda mai tsabta ya juya sau biyu uku dunƙulen tsakiyar ya ƙarasa narkewa.

Abin da ya canza min lissafi gaba ɗaya ba wani na'ura ba ne, rufi ne. Na lura saman duron da kafaɗarsa sanyi ƙalau suke alhali bel na ta aiki, iskar hunturu tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa tana ɗauke zafin kamar yadda take busar da leɓe. Na fara ɗora duron a kan katako maimakon siminti, na samo abin rufi irin wanda ake naɗe bututun zafi da shi a kasuwar Ƙofar Ruwa, na sa tela ya ɗinka masa riga ta tamfol, na yanka faifai na rufe saman na bar ƙofar murfi. Tun daga nan in na tsaya kusa ina jin makunnin yana yin ƙas ya yanke, ya daɗe kafin ya kuma kamawa, da kuwa kusan kwana yake a kunne. Sai dai a kula, ni ban rufe kan bel ɗin kansa da akwatin makunnin ba, sama da shi na rufe. Na ga wanda ya lulluɓe komai da tsohon bargo da buhun leda, ledar ta narke ta manne a jikin bel ɗin, wannan neman gobara ne da kuɗinka.

Wurin ɗaurawa ma akwai magana. A ƙasa ake ɗaurawa, kashi ɗaya cikin uku na ƙasan duro, don zafi sama yake hawa, wanda ya narke ya tashi, mai sanyi ya sauko. Duro yana da zobba guda biyu da suka zagaye shi, waɗannan tudun da ake mirgina shi a kansu, kar bel ya hau kansu, don duk inda bai manne da ƙarfe ba wurin zai yi zafi fiye da kima ya ƙone wayar ciki. Haka duron da ya lotsa. Haka in ka bari bakin bel ya hau kan ɗan'uwansa. Kuma in mai ya yi ƙasa a duro ka tabbata bel yana ƙasa da inda man ya tsaya, in ba haka ba iska kake dafawa. Murfi kuwa, tun ranar kumburin nan na sa doka, ƙaramin murfin nan ake fara sassautawa kafin a taɓa soket, wanda ya manta ranar ba shi da kuɗin abinci, wasa nake amma sun gane.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ciwon kan kowa. Bel mai wat 1500 yana jan amfiya shida da rabi a kan bolt 230, ƙaramin janareton nan na kallon ƙwallo ba zai ɗauka ba, kuma siririyar wayar ƙari ta kasuwa za ta yi zafi ta narke, na ƙona filogi biyu kafin na kira mai gyaran wuta ya ja min waya mai kauri da soket nata daban da abin yankewa idan wuta ta zube a jikin ƙarfe. Wannan na ƙarshen kar a yi wasa da shi, duro ƙarfe ne, ƙasa a jiƙe take da ruwan soda, yara kuma silifas ne a ƙafarsu in ma sun saka. Idan aka kawo wuta mara ƙarfi, ka ce bolt 180, kar ka zaci ɗan kaɗan zafin zai ragu, bel ɗin 1500 komawa yake kamar na 900 da ɗoriya, shi ya sa wani dare za ka zo da safe ka tarar bai narke ba ka fara zagin kaya alhali ba laifinsa. Masu odar kaya daga waje su duba da kyau, na Amurka da yawa na bolt 120 ne, ka soka shi a namu sau ɗaya ya tashi aiki. Tun da aka mayar da yunit naira 225 ga 'yan Band A, wato rukunin da aka ce ya fi samun wuta, a Afrilun 2024 na fara ƙirga kowane dare, kuma duk da haka idan na haɗa da kuɗin itace da man da ke ƙonewa da rabin yinin da yara ke ɓatawa suna fifita wuta, ban ga ta inda itace ya fi ba.

Wani maƙocina mai fenti ya zo aron bel wai zai ɗumama duron da ya yi kauri, na ce masa Malam ka yi haƙuri. Fenti da tina da fetur da sifirit tururinsu kaɗai ya isa, makunnin nan duk sanda ya yanke ɗan tartsatsi yake yi a ciki. Irin waɗannan kayan akwai hitarsu daban da aka yi musamman, tana ɗauke da tambarin ATEX, kuɗinta ma daban ne. Ya ji haushi kwana biyu ya huce.

Kula da bel ba wani aiki ba ne mai yawa amma sai an dage. Man da ya zuba a kai a goge shi da tsumma bayan ya huce kuma an zare daga wuta, don in ya kwana ya sha zafi ya kuma sha ƙura sai ya zama wani baƙin danƙo. Ba'a tsoma shi a ruwa, ba'a kankare shi da wuƙa, kuma ruwan soda kar ya kusance shi. Ba'a ninke shi kamar zani, naɗe shi ake a sassauce kamar tabarma, ninki yana karya wayar ciki kuma ba za ka gani ba sai dai ka ji wani gefe da zafi wani gefe sanyi. Kar a kunna shi yana naɗe ko yana ajiye a ƙasa wai gwaji. Farkon kowane hunturu ina sa mitar gwaji irin ta masu gyaran wuta a bakin filogin, na wat 1500 ya kamata ya nuna om 35 (ma'aunin turjiyar waya) ko kusa da haka, in ya nuna ba komai to waya ta tsinke. Ina kuma zura ma'aunin zafi cikin man kansa, don lambar da ke kan makunni zafin jikin bel take faɗa, ba na tsakiyar duro ba, akwai ranar da makunni ke kan 50 man ciki bai kai 30 ba. Sufirin ɗin yana saki da tsufa, in ka ga bel yana zamewa ƙasa canza shi, ba tsada.

Ɓeraye ne suka kashe min bel na farko, ba wuta ba. Da damina na jefa shi bayan buhunan soda, warin manja ya kira su suka cinye rigar wayar tas har suka taɓa robar. Na biyun yanzu a cikin bokitin fenti mai murfi yake kwana daga Maris har Nuwamba. Jaket ɗin durukan roba har yau ban saya ba, duk sanda na tambayi kuɗinta sai in ce bari dala ta sauka. Jiya da asuba na leƙa shago na tarar Baba mai gadi ya jawo bencinsa ya jingina bayansa da duron yana jan carbi, na ce Baba a dai kula da waya, ya ce "ɗan nan ai tun sha biyun dare nake gadinta."