Juye faifan waƙa a shago mai diraif ɗaya

A shagunan turi na Nima da Mamobi, a Ankara babban birnin Gana, yawancin kwamfutocin da ake aiki da su yanzu ba su da wurin sa faifai. Laftof ɗin da ake sayowa a Tip Toe Lane ta Circle duk sirara ne, an daina yi musu diraif. Sai ka tarar shago mai kwamfuta uku ko huɗu, amma tsohuwar kwamfutar tebur guda ce a lungu take iya karanta faifai. Faifai kuwa bai ƙare a hannun jama'a ba. Ana kawo mana tafsirin azumi da aka ɗauka a masallatan zango, da karatun Alƙur'ani, da waƙoƙin bege, da kiɗan aure da na suna, da tsofaffin faifan hailaif, duk ana son a mayar da su filash ko memori don mota da waya.

Dabarar da ke fara zuwa wa kowane mai shago ita ce ya buɗe diraif ɗin nan ga sauran kwamfutoci ta netwok, kowane yaro ya riƙa ja daga mazauninsa. Da faifan waƙa na ainihi wannan ba ya yiwuwa, kuma ba laifin kebul ba ne.

Faifan waƙa, irin wanda kamfanonin Philips da Sony suka tsara ƙa'idarsa a 1980, ba shi da fayil ko ɗaya a cikinsa. Sauti ne a shimfiɗe a layi guda mai zagayawa daga tsakiya zuwa baki, an yanka shi gida-gida, kowane gida bayit 2,352, gida 75 a kowace daƙiƙa. A farkonsa akwai ɗan jadawali da ke faɗin inda kowace waƙa ta fara, kuma ba ya ɗaukar fiye da 99. Abin da Windows ke nuna maka da sunan Track01.cda da 'yan'uwansa ba waƙa ba ce. Alama ce da ita Windows ɗin ta ƙirƙira daga jadawalin, girman kowace bayit 44 kacal. Netwok na Windows fayil yake ɗauka ya kai, don haka yaron da ya ja daga nesa waɗannan alamomin zai samu. Zai ga an gama kwafa cikin ƙiftawar ido, ya zuba wa Alhaji a filash, Alhaji ya sa a mota ya ji shiru. Hanyar ganewa tana da sauƙi: minti ɗaya na faifan waƙa ya kai kusan megabayit 10, cikakken faifai mai minti 80 ya haura 800. Duk foldar da ta fito ƙasa da megabayit ɗaya, babu komai a cikinta.

Manhajar juyewa dole ta yi magana da diraif kai tsaye. Tana ce masa ya karanta gida kaza zuwa gida kaza, ya sake, ya rage gudu, ya faɗi inda ya yi tuntuɓe. Waɗannan umarni ba sa bi ta foldar da aka raba. Ko Apple, da ya fito da tsarin aron diraif ta netwok tare da MacBook Air a 2008, ya faɗa a fili cewa tsarin ba ya aiki da faifan waƙa, da faifan fim na DVD, da duk faifan da aka yi wa kariya.

Faifan da aka cika da MP3 daban yake. Shi faifan ajiya ne, gidansa bayit 2,048, yana da folda da fayil kamar filash, kuma yana bin kebul lafiya lau. Rabin ruɗanin da ake samu a shago daga nan yake, domin a ido iri ɗaya suke. Kafin a yi ciniki a sa shi a duba: in an ga .mp3 kwafa ce kawai, in an ga .cda aikin juyewa ne, kuɗinsu ma bai kamata ya zama ɗaya ba.

Tsarin da muke bi shi ne a yi juyewar a kwamfutar da diraif yake, abin da ya fito shi ake rabawa. Ana buɗe folda ɗaya a babbar kwamfuta, a ba kowa izinin karantawa, a bar izinin gogewa a hannun mutum ɗaya. Wanda ba ya son tashi daga kujerarsa yana iya shiga waccan kwamfutar ta Remote Desktop, in Windows ɗinta ta Pro ce, amma duk da haka sai wani ya miƙa hannu ya sa faifan. Shagon da ke da aiki da yawa ya sayi diraif na USB ya fi masa. Yana bin duk laftof ɗin da ake buƙata, sai dai a guji soka shi a ƙaramin hob marar wutar kansa, domin da ya ɗauki gudu wuta za ta gaza masa ya yanke.

Gudun netwok ba shi ne ke jinkirta aiki ba. Diraif da ke karatu a ninki 8 na gudun saurare yana fitar da kusan megabayit 1.4 a daƙiƙa, tsohon suwic ɗin netwok mai megabit 100 kuwa yana ɗaukar wajen 11. Duk da haka ba ma barin manhaja ta rubuta kai tsaye a foldar nesa. A fara ajiyewa a cikin kwamfutar da ke juyewa, in an gama a tura. Wutar ECG, kamfanin lantarki, na iya ɗaukewa, suwic ya mutu alhali laftof na ci gaba da batir, waƙa ta yanke a tsaka ba wanda ya lura sai mai ita. In akwai UPS, a haɗa suwic ɗin a kansa tare da babbar kwamfuta.

Matsaloli biyu ne suka fi kawo ƙorafi a nan. Na farko, tsohuwar kwamfuta mai Windows XP da SMB1 kawai take magana, wato tsohon tsarin raba fayil ta netwok, sababbin Windows kuma tun 2017 suke zuwa da shi a kashe, sai su ƙi ganin juna. Ba na ba da shawarar kunna shi, domin ta ƙofarsa cutar WannaCry ta bi a shekarar. Gara a sa wa tsohuwar Linux, ko a ciro diraif ɗin a mayar da shi wata. Na biyu, in an ba foldar nesa harafi kamar Z, sannan aka buɗe manhajar juyewa da ikon admin, ba za ta ga harafin ba. A rubuta mata cikakken adireshin, sunan kwamfuta da sunan folda.

Ingancin juyewar kanta nan ne ake gane mai sana'a. Faifan waƙa ba shi da ƙarin gyaran kuskure irin na faifan ajiya. In karce ya fi ƙarfinsa, diraif ba zai tsaya ba, zai yi ƙiyasi ya cike gurbin ya wuce, daga baya a ji ƙas-ƙas a lasifika. Shi ya sa muke aiki da Exact Audio Copy a yanayinta na tsanaki, inda take karanta kowane wuri fiye da sau ɗaya ta gwada. A Linux, cdparanoia ce ke wannan aikin. Faifan kamfani ana iya auna shi da rumbun AccurateRip, a ga ko ya yi daidai da abin da wasu suka samu a duniya. Faifan da aka ƙona a zango ba ya cikin wannan rumbu, sunayen waƙoƙinsa ma ba za su zo daga intanet ba. A karanta shi sau biyu, a duba ko lambar CRC, wadda manhajar ke lissafawa daga abin da ta karanta, ta zo ɗaya, a rubuta sunan malami da ranar karatu da hannu tun mai shi yana tsaye, don shi ne ya sani.

Waɗannan faifan na gida su ne nake jin tsoro a kansu. Yawancinsu CD-R ne, rubutunsu a kan rini yake, zafi da rana da laimar Ankara suna cinye shi a hankali. Sau da yawa wanda ke hannun iyali shi kaɗai ya rage na muryar malamin da ya rasu. In an kawo irinsa, a goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, kada a bi zagaye. A ɗaga shi ga haske: in ana hango tsinin haske ta jikinsa, fatar sama ta ɓare, wurin ya tafi ke nan, domin rubutun yana dab da gefen da ake rubuta suna. Karcen ƙasa ana iya gogewa, na sama ba shi da magani. A rage gudu zuwa ninki 4, in wannan diraif ya gaza a gwada wani, don ba ɗaya suke ba wajen haƙuri da tsohon faifai.

Sai faifan da aka yi wa kariya da gangan. Daga wajen 2001 zuwa 2006 manyan kamfanonin waƙa na Turai da Amurka sun fitar da miliyoyinsu, kuma suna iso mu cikin kayan da 'yan'uwa ke aikowa daga Ingila da Jamus da Italiya. Tsare-tsare irin su Cactus Data Shield da key2audio suna dogara ne da bambanci ɗaya: in an rubuta faifai a zama fiye da ɗaya, rediyon faifai zaman rubutu na farko kawai yake karantawa, kwamfuta kuwa tana bin na ƙarshe. Sai su sa jadawalin ƙarya a na ƙarshen, wasu su ƙara kurakurai a cikin sautin. Alamarsa a shago ita ce faifai sabo fil ba karce, amma diraif na ta juyawa ba ya gamawa, ko ya nuna tsawon waƙoƙi na hauka, ko ka ga folda mai ƙaramar manhajar saurare a maimakon waƙoƙi. Ta netwok wannan foldar kaɗai za a gani. A duba kwalin: da yawa suna ɗauke da tambarin Copy Control, kuma babu tambarin Compact Disc da aka saba gani, domin Philips ya ce ba su cika ƙa'ida ba.

Kada a taɓa yarda faifai ya girka wani abu a kwamfutar shago. A 2005 an gano cewa faifan Sony BMG masu XCP suna dasa manhaja mai ɓoye kanta a cikin Windows, wadda ta buɗe ƙofa ga masu ɓarna, har sai da kamfanin ya janye su daga kasuwa. Tsofaffin ba su ɓace ba. A kashe AutoPlay a kwamfutar da ke karɓar faifai. A kuma duba Windows Media Player: a tsofaffinta akwai wurin da in aka yi masa alama, fayilolin WMA da ta fitar suna ɗaure da kwamfutar da ta yi su, a foldar nesa za a gan su amma ba za su buɗe ba.

A shagonmu iyakar a fili take. In diraif ya karanta faifan kamar kowane faifai, mun juye wa mai shi. In ya ƙi saboda kariya, muna mayar masa, ba ma neman fasa ta. Dokar haƙƙin mallaka ta Gana, Act 690 ta 2005, ta yarda mutum ya kwafi abu don amfanin kansa shi kaɗai, amma ba ta yarda a tara waƙoƙin mutane a babbar folda ana sayar wa duk wanda ya shigo ba. Foldar da aka raba tana jawo wannan ba tare da an yi niyya ba: abin da Hajiya ta kawo da safe, da yamma yaro ya tura wa direban tirotiro, motar haya. Mawaƙin da aka ci haƙƙinsa kuma sau da yawa ɗan unguwa ne da ya biya kuɗin situdiyo daga aljihunsa. Don haka kowane aiki da foldarsa mai sunan mai shi, in ya karɓa ya saurara ya gamsu a goge. Wanda muke ajiyewa sai wanda malamin ko iyalinsa ko mawaƙin da kansa suka ce a ajiye. Mai son ya riƙa sa kiɗa a wurin kasuwanci kuwa, GHAMRO, ƙungiyar haƙƙin mawaƙa ta Gana, ce ke ba da lasisi.

Abin da aka ba da izinin ajiyewa muna barinsa a FLAC, wanda ke rage girma kusan rabi ba tare da zubar da komai ba, a kan hard disk biyu daban-daban. Daga shi ake fitar da MP3 na miƙawa: mai 128 kbps ya ishi wa'azi, kusan megabayit ɗaya a minti, kiɗa kuwa a ba shi 192 ko sama. Filash na mota a tsara shi a FAT32, a fara sunan kowace waƙa da lamba, 01, 02, don kada su hargitse. Rediyon mota da yawa ba sa gane ƙ da ɗ da ɓ, akwatuna suke nunawa a madadinsu, saboda haka a kwafin mota muna rubuta k da d da b, cikakken rubutun ya zauna a kwafin ajiya.