Kafin ka kori yaro gida, taka ka ga mai unguwa

Ɗan ƙanwata ya zo gaishe ni ranar Asabar da wata takarda a aljihun rigarsa. Bara ya fara koyarwa a wata sakandaren jeka-ka-dawo a nan Kano, har an ɗora masa kula da aji. Ya ce, "Kawu, duba mini wannan ko ta yi." Takardar dakatar da yara biyu ce da suka dambace a bayan ajujuwa, mako biyu kowannensu, Litinin zai kai wa firinsifal ya sa hannu. Na ce me ya haɗa su? Ya ce bai sani ba, amma bidiyon faɗan na cikin wayarsa in ina son gani. Na ce ya mai da wayarsa aljihu. Raina ya ɓaci, kuma ba da shi kaɗai ba, don irin wannan takardar na sha rubuta ta da hannuna.

Na daɗe ina malamin ladabtarwa, kuma a lokacin ina jin daɗin yadda yara ke watsewa in sun hango ni. Wata rana ana tara aka kawo mini 'yan aji biyu na babbar sakandare, ɗaya ya caka wa ɗaya tsinin kwamfas a dantse, farar rigar ta jiƙe da jini har gwiwar hannu. Aka kai mai raunin kemis. Washegari a asembili na fito da su gaban kowa, na tsula musu bulala, na karanta hukuncin mako biyu a gida, na miƙa wa kowa takardarsa ya kai wa ubansa. Ban tambayi ko ɗayansu dalili ba. Ina tuna wanda ya yi cakar yana ta cewa, "Malam, ka ji abin da ya ce mini," ni kuwa na daka masa tsawa.

Ashe maƙwabta ne, lungunsu ɗaya. Iyayensu maza sun yi haɗin gwiwar kasuwanci, kuɗi suka maƙale, gidajen biyu suka daina gaisawa. Abin da wanda aka caka ya ji ana faɗa a tsakar gidansu shi ya kwaso ya zo ya zubar a aji, ya kira uban ɗan'uwansa maci amana a gaban abokai. Takardun da na ba su ko ɗaya ba ta isa hannun uba ba. Kullum da safe sai su sa yunifom su fita kamar za su makaranta, ɗaya ya wuce gidan kallon ƙwallo, ɗaya ya zauna a majalisar wasu samari da suka girme shi. Kafin wa'adin ya cika, faɗan yara biyu ya zama na yayye da abokai. An fito da barandami cikin dare, an sari wani saurayi da ko makarantarmu ba ya zuwa.

Zan faɗi uzurina, don ina da shi. Aji ɗaya yara sun haura ɗari, wasu a ƙasa suke zama. Jini ya zuba, iyayen sauran yara za su zo su tambaya. Doka ce ta makaranta, ba ni na rubuta ta ba. Kuma akwai yaran da na dakatar suka dawo suka nutsu, yau wasunsu magidanta ne masu mutunci. Har gobe ina ganin makarantar da ba ta da hukunci ba za ta zaunu ba. Amma duk wannan bai wanke ni ba, saboda a zamanin ne gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, wanda ya mulki Kano daga 2003 zuwa 2011, kuma shi ma tsohon malamin makaranta ne, ta kafa Zauren Sulhu a unguwanni. Na san da shi. Na san ƙofar gidan mai unguwa. Gani nake maganar makaranta ta masu takarda ce, me dattijon da bai yi boko ba zai koya mini?

Shi dattijon ne ya kashe wutar. Bayan 'yan sanda sun shigo, mai unguwa ya karɓo maganar, ya tara iyayen biyu da liman a zaurensa bayan sallar isha'i, aka aiko a kira ni. Yaran na zaune a bakin tabarma kansu a ƙasa. Bai fara da su ba, da iyayen ya fara, ya sa aka yi lissafin kuɗin nan a gabansa, aka tsai da ranar biya. Liman ya kawo ayar Suratul Hujurati da ta ce muminai 'yan'uwan juna ne, a yi sulhu tsakanin 'yan'uwa, ya tuna musu hadisin da ya hana musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku. Aka yanke wanda zai biya kuɗin magani. Sannan mai unguwa ya juyo ya ce, "Malam, ranar da abin ya faru, wa ka gaya wa a cikinmu?" Na rasa amsa.

Ɗaya ya dawo aji. Wanda ya yi cakar bai sake dawowa ba, kunyar asembilin nan ta hana shi. Jarrabawar kwalifayin ta wuce shi, wadda in ɗalibi ya ci gwamnatin jiha ke biya masa kuɗin NECO, jarrabawar kammala sakandare, ubansa kuwa ba shi da halin biya. Yanzu kamasho yake yi a tasha. In ya gan ni har ƙasa yake durƙusawa ya gaishe ni, kuma wannan gaisuwa ta fi zagi yi mini ciwo. Wani lokaci nakan ce ai shi ya zaɓi hanyarsa, ba ni na sa masa kwamfas a hannu ba. Haka ne. Amma ni na hana shi magana.

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, ku matasan malamai, sai na ga abin bai wuce kaɗan ba. Ka raba yaran, ka ji ta bakin kowa shi kaɗai, ka bar shi ya kai aya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sannan a ranar, ba gobe ba, ka taka da ƙafarka zuwa gidajensu. Ba saƙon WhatsApp ba. Abin da ke ba ni haushi da ku ke nan: malami ya shekara a makaranta bai san sunan mai unguwar da makarantar take ciki ba, bai san limamin masallacin da ke jikin katanga ba, amma ya san duk wanda ke tashe a TikTok. Kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, da aka ce kowace makarantar gwamnati ta kafa, a cikinsa akwai wakilin masu sarauta da malaman addini da mata da tsofaffin ɗalibai. Don irin wannan ranar aka yi shi, ba don a manna sunaye a bangon ofis ba. In 'yan mata ne suka yi faɗan, zauren maza ba zai ji gaskiyar ba, a nemi iyaye mata da malamar Islamiyya. Kuma yaran su ci gaba da zuwa aji ana cikin sulhun. In hukunci kake so, ga shara, ga wankin bayi, ga gyaran bencin da suka karya, su yi tare.

Amma in wuƙa ta fito, fitar da shi daga makarantar nan take, kada ka jira dattijo ko ɗaya, in ta kama ka kira 'yan sanda. Na san wannan ya saɓa wa abin da na gama faɗa, to haka abin yake. Kuma kada ka miƙa wa dattawa wuya gaba ɗaya. Na ga zaman da ɗan mai kuɗi ya fasa wa ɗan talaka baki, aka tashi da "a yi haƙuri, yara ne," ko kuɗin allura ba a biya ba. Wannan danniya ce. Kai malami ka zauna a wurin, ka buɗe baki, don wataƙila kai kaɗai ne ba ka cin komai a hannun uban yaron.

Ku kuma ɗalibai masu zagaye faɗa da waya kuna ihu, ba ni da wata magana mai daɗi gare ku. Yaron da aka kayar a gaban mutum ashirin zai iya haƙura. Wanda unguwa uku suka kalli faɗuwarsa a waya, sai ya rama.

In duk da haka dakatarwar ta zama dole, kada ka damƙa wa yaro takardar. Kai ta da kanka, ka sa a hannun ubansa, a tsai da ranar zama da ranar dawowa kafin ka bar ƙofar gidan, kuma ka san inda yaron zai riƙa wuni a tsakani.