Daga Rumfar Gwanjo Zuwa Wembley

Duk wanda ya saba zama a gidan kallon ƙwallo a Tudun Wada ko Unguwar Rimi ya san waƙar nan da ake sakawa idan kyaftin ya ɗaga kofi, wato We Are the Champions, amma kaɗan ne suka san masu ita. Ni ma na daɗe ina jin ta kafin kawuna, wanda har yau yake adana tsofaffin faifan garmaho a gidansa na Barnawa, ya nuna mini hoton wasu mutum huɗu, ya ce sunan ƙungiyarsu Queen, kuma a 1977 suka fitar da ita.

A Landan aka kafa ƙungiyar a 1970. Mawaƙinsu, Freddie Mercury, an haife shi ne a Zanzibar a 1946 da sunan Farrokh Bulsara, ya yi karatu a Indiya, sannan juyin juya halin 1964 ya sa iyalinsa suka koma Ingila. Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne, kafin kowa ya san shi, shi da mai ganga Roger Taylor gwanjo suke sayarwa a wata rumfa a kasuwar Kensington. Tun da na ji haka, ba na ratsa Kasuwar Barci ba tare da na dubi samarin da ke ɗaga riguna suna kiran masu saye da wani ido daban ba. Shi kuwa mai jitarsu Brian May, da ba shi da kuɗin sayen jita mai kyau, shi da mahaifinsa suka sassaƙa tasu da katakon wani tsohon murhu, kuma da ita ya ci gaba da kiɗa har bayan ya yi arziki. John Deacon ya cike su huɗu a 1971.

Suna bai zo musu da wuri ba. Faifansu na farko, wanda ya fito a 1973, sun naɗe shi ne a lokutan da manyan mawaƙa suka bar ɗakin naɗar sauti, sau da yawa cikin tsakar dare. Ko bayan waƙarsu ta fara kama kasuwa a 1974, yarjejeniyar da suka sa wa hannu tun suna neman mafita ta bar su da aljihu wayam, har sai da suka sauya manaja. A cikin wannan ƙunci suka yi kasada, suka fitar da Bohemian Rhapsody a 1975, waƙa mai kusan minti 6 wadda masana harkar suka ce ta yi wa rediyo tsawo. Sun ƙi yarda a datse ta, ita kuma ta yi mako 9 a jere a saman jerin waƙoƙin Birtaniya.

Akwai abin da ba zan iya wanke su a kansa ba. A 1984 sun je Sun City, wani wurin shaƙatawa a Afirka ta Kudu, sun yi wasa alhali duniya na ƙaurace wa gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, kuma a matsayina na ɗan Najeriya, ƙasar da ta tsaya tsayin daka wajen yaƙar wannan zalunci, abin yana yi mini ciwo har yanzu.

A shekarar da ta biyo baya, ranar 13 ga Yulin 1985, suka hau dandalin Wembley a taron Live Aid da aka shirya don tara wa Habasha agajin yunwa. Kimanin minti 20 kacal aka ba su, a gaban mutum kusan 72,000, kuma a nan ne Freddie ya riƙa jefa murya jama'a suna amsa masa baki ɗaya, kamar yadda 'yan amshi ke karɓa wa makaɗin fada. Ya rasu ranar 24 ga Nuwamban 1991 yana da shekara 45. Kawuna ya ce a rediyo ya ji labarin, kuma daren nan bai ɗora wani faifai ba sai nasu.