Talata a Ƙofar Ƙaura: Shin Makunni Poyin Ne?

Yau da hantsi aka kira ni wani sabon gida a Ƙofar Ƙaura, inda mai gidan da mai yi masa wayarin suka saɓa a kan kuɗin aiki. Jingar tasu a kan kowane poyin aka yi ta, shi kuwa mai aikin ya haɗa har da makunnai a ƙidayarsa, sai lissafin ya haura abin da Alhaji ya yi tsammani.

Na ce masa, "Alhaji, ranka ya daɗe, ƙa'idar aikin ta riga ta raba wannan gardama." A kundin ƙa'idojin wayarin wuta na Ingila mai suna BS 7671, wanda bugunsa na 18 ya fito a 2018 kuma tsarin wayarinmu ya fi bi, poyin shi ne wurin da wayar gini ta ƙare domin a jona abin da ke cin wuta, kamar fitila ko fanka ko soket. Kundin NEC na Amurka ma, a sashensa na 100, ya tafi a kan haka: sai inda ake ɗibar wuta zuwa ga na'ura ne yake shiga wannan rukuni, ko da babu wurin cusa filogi, shi ya sa mazaunin fitilar silin ya shiga. Makunni kuwa ba ya ɗibar komai, aikinsa buɗe hanya da rufe ta kawai, kamar ƙofar zaure. Na shawarce su da su yanka wa makunnai kuɗinsu daban, domin fasa bango da jan waya zuwa gare su gumi ne na gaske, kuma suka amince.

Abin da ya fi damuna ya zo ne bayan azahar, da na gwada makunnin ɗakin baƙi na tarar an ɗora shi a kan shuɗiyar waya, wadda wuta ke komawa ta cikinta, maimakon mai ruwan ƙasa wadda ke ɗauke da wuta. Fitilar za ta mutu idan an kashe, amma bolt 230 na nan a mazauninta yana jiran hannun duk wanda ya hau canja ƙwai. Ban bar gidan ba sai da muka buɗe sauran makunnan ɗaya bayan ɗaya, muka gyara wancan, muka kuma tabbatar kowane soket mai amfiya 13 yana da wayar ƙasa, wato wayar kariya, a jone.